Zumar Gyambon Baba Alhaji

Ba zan taɓa mantawa da kwalbar zumar nan ba. Ita na fara gani a kan taga ranar da na je hutu gidan kakana a Fagge, tun kafin in lura da ƙafarsa a kan matasai, naɗe da bandeji har gwiwa. Baba Alhaji ya daɗe yana fama da gyambo a ƙwauri. Likita ya ce jini ne ba ya komawa sama yadda ya kamata, shi ya sa ƙafar take kumbura, ciwon ya ƙi rufewa.

Ni ko ruwa ba na iya roƙa a gidan mutane (har gidan kakana). Amma zuma ta fi ƙarfina. Da ya fara barcin rana, sai in lallaɓo da burodina. Har ƙaramin cokali na tarar a gefenta, na ce kai, gidan nan an san karamci.

Ranar wankin ciwo, Sista Ngozi ta zo daga Sabon Gari. Nas ce, Hausa a bakinta kamar Bakanuwa. Ta kwance bandejin, ta wanke gyambon, ta ɗauko kwalbar ta ɗaga a haske.

"Alhaji, shanyewa kake yi? A ciwo na ce a sa!"

"Ni da ko shayi ba na sa wa sukari?"

Sai ta ɗauki cokalin, cokalin da nake lasa, za ta kankaro ragowar ta shafa a audugar ciwo. Ban san lokacin da na ce "Wayyo!" ba.

Goggo Hadiza, ƙanwar babana, ta dube ni sama da ƙasa. "Au! Shi ya sa tururuwa ke bin hijabinki?"

Baba Alhaji ya yi dariya har ƙafar ta zame daga matashi. Sista kuwa ko murmushi. Ta ce abin da ya taɓa baki ba zai taɓa ciwo ba, sai an kawo sabuwa. Ga gyambo a buɗe, Goggo na korar ƙuda da mafici, duk saboda ni.

Ranar na gane kunyar tambaya ba ta kai kunyar kamu ba. Kaina a ƙasa na matsa kusa da Goggo.

"Don Allah ni a aika in kawo. Amma ki ara mini niƙabinki."