Ranar da Na Nemi Sitiyari Na Rasa

Ko tsufa ya kai ni ga manta sunayen jikokina, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na zauna cikin sabuwar motata ina lalube a iska ba, unguwa guda tana kallona.

Ni mutumin Kano ne, amma na fi shekara talatin a Suleja ina sana'ar doya da hatsi. Ina sarowa a kasuwannin ƙauye in kai Abuja. Duk motar da na taɓa mallaka a garin nan daga hannun mutum ɗaya ta fito, wato Alhaji Ɗanlami, dillalin motoci, ɗan asalin unguwar Wambai a nan Suleja. Shi Bazazzagi, ni Bakano, ka ga kuwa ba ma gaisawa sai da tsiya. Yana ce mini "Bakano sarkin maƙo", ni ina ce masa "bawana". Amma shekarar da ciwo ya kwantar da ni wata biyu, shi ya riƙa kai wa iyalina cefane, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Da tsohuwar a-kori-kurata ta gaji, har ta kai sai an tura take tashi, na ƙudura zan sayi sabuwa fil. A daidai lokacin ne 'yata Hadiza ta kawo mini babbar waya daga gidan mijinta, ta koya mini shiga intanet. Nan fa ido ya buɗe. Na ga motoci jere a waya kamar tumatir a faranti. Na ci karo da wata fara, mai ƙofa huɗu, sabuwa da ledarta, a wajen wani mai sayarwa a Legas, kuma ta fi duk abin da na taɓa ji a bakin dillalai sauƙi. A ƙarƙashin hoton an rubuta manyan baƙaƙe uku: RHD.

(In faɗi gaskiya, bokona a aji biyar na firamare ya tsaya. Ina haɗa baƙi, amma in Turanci ya yi tsawo tsallake shi nake yi in kalli hoto.)

Ni a nawa lissafin, RHD muƙami ne, irin baƙaƙen da ake manna wa manyan motoci a baya don a san ba ƙananan kaya ba ne. Kuma kada ka ce ban ga sitiyari a hoton ba. Na gan shi sarai, a hannun dama. Sai na tuna ranar da Hadiza ta ɗauke mu hoto da kyamarar gaba, na ga aljihun rigata ya koma ɗaya gefen, ta ce, "Baba, waya ce take juya hoto." Shi ke nan, na warware wa kaina matsala. Har na ji daɗin kaifin basirata.

Da yamma na tafi majalisarmu, gindin mangwaron da ke kusa da masallaci, na miƙa wayar tana zagayawa hannu zuwa hannu.

"Ar-ec-di ce," na ce. "Ba irin tarkacen da ake sayar mana a nan ba."

Alhaji Ɗanlami ya karɓa, ya gyara tabarau, ya daɗe yana dubawa. Ya ɗago ba dariya a fuskarsa.

"Bakano, ka biya?"

"Gobe in Allah ya yarda."

"To tsaya, kada ka biya tukuna. Ka san abin da baƙaƙen nan..."

Ban bar shi ya ƙarasa ba. Na ce, "Na sani! Ma'anarsu ita ce an daina cin la'ada a kaina. Shekara talatin kuna zaune a inuwa kuna tatsar mu. Dillali ai ɓarawo ne da ya sami benci."

Wasan Bakano da Bazazzagi yana da faɗi, amma kowa a wurin ya ji cewa wannan ba wasa ba ce, daga ciki ta fito. Alhaji Ɗanlami ya ajiye mini wayata a kan tabarma a hankali, ya ce, "Allah ya sanya alheri." Ya sa takalmi ya tafi. Mako uku bai sake zama a majalisa ba.

Washegarin ranar da na yi wannan furuci, maƙwabcina Malam Bitrus, tsohon hedimasta, ya tare ni a ƙofar gida. Ya ce, "Alhaji, kawo wayar nan in karanta maka abin da aka rubuta, minti biyu kawai." Na gane Ɗanlami ne ya turo shi, don haka na ce, "Malam, ka gaya wa wanda ya aiko ka ciniki ya faɗa." Na wuce banki ina taƙama.

Motar ta iso ranar Juma'a a kan babbar motar dako, ina kasuwar ƙauye. Na bugo wa Hajiya, matata, na ce ta karɓi makulli da takardu, a lulluɓe motar da tampol, kada ido ya gan ta sai liman ya yi addu'a. Ta ce, "Alhaji, akwai abin da na gani da direban ya sauke ta..." Na ce, "Hajiya, maganar mota ba ta tuwo ba ce." Ta ce, "To."

(Mutum uku ke nan. Ka riƙe lissafi.)

Asabar bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidana da ke Kurmin Sarki. Hajiya ta yi waina da kunun aya. Na sa babbar rigar da na ajiye don Sallah. Na aika takanas a kira Alhaji Ɗanlami, ba don sulhu ba, don ya gani da idonsa. Ya kuwa zo, ya zauna can gefe yana jan carbi.

Liman ya yi addu'a, aka shafa. Aka yaye tampol. Kai, motar nan ta yi kyau! Fara tas, gilashi mai duhu, tayoyi har da gashinsu. Mata suka rangaɗa guɗa daga soro. Kaina ya ƙara girma, na juya na ce da ƙarfi, "Bawana, taso ka shiga gaba in zaga da kai gari, ka ji yadda mota take in ba ta bi ta hannun dillali ba."

Ya tashi ba musu, ya zagaya dama. Ni na buɗe ƙofar hagu, na tattara babbar riga, na yi bisimilla, na zauna, na sa aka sauke gilashi don jama'a su gan ni da kyau. Sannan na miƙa hannu biyu.

Babu komai.

Na laluba sama, na laluba ƙasa. Na taka ƙafa inda totur yake zama, na ji shimfiɗa. A gabana ba abin da ke akwai sai ɗan akwatin ajiye takardu. Kuma maimakon in yi shiru in yi tunani kamar mai hankali, sai na leƙo da kai ta taga na kwarma ihu:

"Jama'a, an sace sitiyari!"

Sai na ji gyaran murya a damana. Na juya. Ga Alhaji Ɗanlami zaune daram, hannu biyu a kan sitiyari, carbi na lilo a yatsansa.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "ina muka nufa? Da ka gaya mini aikin direba ka kira ni, da na zo da lasina."

Wallahi har liman sai da ya rufe baki da gefen rawani. Malam Bitrus ya dafa bango yana share hawaye, yana cewa, "Alhaji, baƙaƙen nan ai abin da suke nufi ke nan, tuƙi a hannun dama! Minti biyu na roƙe ka!" Daga soro na jiyo muryar Hajiya tana gaya wa mata, "Ni dai an ce maganar mota ba ta tuwo ba ce."

Na rasa inda zan sa fuskata. In fita, jama'a. In zauna, Ɗanlami. Shi ya yanke mini hukunci, ya karɓi makulli daga hannuna ya tayar da mota, ya ce, "Ɗaga musu hannu, Bakano. Mai mota ai ba ya tuƙi."

Muka fita titi a hankali. Ni ina hagu, inda kowa ya san direba yake zama, hannuwana biyu a waje ina gaisuwa. Wani ɗan acaba ya dube ni, ya zaro ido, ya yi gefe yana ihu, "Baba, riƙe sitiyari mana! Za ka kashe mu!" Ɗanlami ya yi dariya har sai da ya tsaya a bakin hanya.

A nan na ce, "Alhaji, maganar da na faɗa a majalisa, ka yafe mini. Ban taɓa kama ka da cin ko sisina ba."

Can ya ce, "Ta yi mini zafi, Bakano. Motar ba ta dame ni ba, ka saya a duk inda ka so. Amma ɓarawo?" Na ce, "Na yi kuskure." Ya ce, "Ya wuce. Sai dai ka sani, wannan labarin har jikokina sai sun gada."

Mai sayarwar nan bai cuce ni ba, komai ya rubuta, ni ne ban karanta ba. Hukuma kuma ba ta yarda da irin motar a titinmu, don haka sai da motar ta yi wata guda a garejin wani bakanike da Ɗanlami ya amince da shi, aka mayar da sitiyari hagu. Shi ya yi ta zirga-zirgar takardu, bai karɓi ladan komai ba. Sauƙin da na yi ta taƙama da shi kuwa, can garejin ya tsaya.

Yanzu a majalisa sunana Alhaji Hannun Dama. Na daina musu, ina amsawa. Abin da na koya shi ne waya za ta nuna maka mota ta gaba da ta baya, amma ba za ta taɓa ce maka "tsaya tukuna" ba. Wannan sai mutum, kuma ni mutum uku na kora. Har yau in zan shiga motar a gaban Ɗanlami sai ya riƙe mini ƙofa ya ce, "Leƙa tukuna, Bakano. Yana nan?"

Ni kuma, Allah ya gani, sai na leƙa.