Ranar da Na Kayar da Oga Bitrus

Duk yadda na so, ba zan iya mantawa da Asabar ɗin da aka yi gasar badmintin ta ma'aikata ba. Bakina ne ya jawo mini. A ofis na cika baki cewa tun ina jami'a nake bugawa (gaskiyar magana, a tsakar gidanmu na Ƙofar Sauri muka taɓa yi da ƙannena, igiyar shanya ce ragarmu).

Oga Bitrus ya ji ni. Mutumin Filato ne, ya daɗe yana aiki a Katsina, saura wata biyu ya yi ritaya. Sau uku yana kai wasan ƙarshe kofin na kuɓuce masa, ga shi an yi wa abokin wasansa canjin wurin aiki. Ya kama hannuna ya ce, "Malam, Allah ne ya kawo ka." Ya rubuta sunayenmu tare.

A atisayen farko ya gane ban iya ba, amma an riga an rufe rajista. Bai yi faɗa ba.

"Buɗe ƙafafunka daidai kafaɗa," in ji shi. "Ka ɗan durƙusa, nauyinka a kan yatsu, raket a sama. In na yi baya, ka tsare gaban raga. In su ke kawo mana hari, kowa ya riƙe ɓangarensa. Kada ka shigo nawa."

Na ce, "Ai na sani, Oga." Ban ma saurara ba (a raina ina cewa tsayuwa kuma har sai an koya wa mutum?).

Ranar gasa shi kaɗai ya yi ta ɗaukar mu har wasan kusa da na ƙarshe, zufa na zuba, yana rufe wurina da nasa. Ni kuwa ina tsaye ƙiƙam, gwiwa a miƙe, raket na lilo wajen cinya. Wani daga 'yan kallo ya ɗaga murya, "Kai Malam, mi kake jira nan? Layin banki ne?" Wuri ya ɗauki dariya. Raina ya ɓaci, na ƙudura sai na nuna musu.

Saura maki ɗaya mu ci, suka ɗaga ƙwallon sama can baya, ɓangaren Oga. Na ji ya ce, "Bar mini!" Ban bari ba. Na yi ta ja da baya, ido a sama, har na banke shi yana cikin tsalle. Muka zube tare, duk nauyina a kan gwiwarsa. Ƙwallon ta sauka a hankali cikin filinmu.

Babu wanda ya yi dariya wannan karon. Da ma sun yi. Mutum biyu suka ɗauke shi, alƙali ya ba abokan karawarmu wasan.

Da sanda ya zo walimar ritayarsa. Na je ba shi haƙuri, sai ya miƙo mini raket ɗinsa ya ce, "Riƙe, Malam. Likita ya ce ni na gama." Ko tsawa bai yi mini ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Tun ranar, in aka tambaya a ofis wa ya iya abu kaza, ko dafa shayi ne, sai in sunkuyar da kai. Na gane ƙaryar da mutum ya yi da bakinsa, wani lokacin gwiwar wani ce ke ɗaukar ta.