Babban Yatsan Mu'azu da Takardar Kamfani

Zuwa ga Mai Girma Janar Manaja,
Kamfanin Gurzar Auduga na Tauraro, Gusau.
9 ga Maris, 1998.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai laushi kamar audugar da aka gurza sau biyu, da fatan fankar ofishinka tana juyawa lafiya. Ni ne Mannir, mai tsaron sikelinku shekara goma sha ɗaya, na zo da 'yan koke-koke naɗe cikin yabo.

Na ɗaya. Muna jinjina wa injin gurza na uku, wanda aka cire wa murfi tun bara don ya ƙara sauri. Ya kuwa ƙara. Watan jiya ya kama babban yatsan daman Mu'azu Bungudu, ya gurje shi tare da angurya.

Na biyu. Dokar ƙasa ta ce wanda ya ji rauni a bakin aiki yana da diyya. Mu'azu ya je ofis da hannu a naɗe, akawunku ya tarbe shi da fara'a, har da kujera, ya ciro takardar rahoton haɗari. Sai dai ƙa'idarku ta ce wanda bai iya sa hannu da boko ba, ya dangwala babban yatsan dama. Ya miƙa na hagu, aka ce ba shi aka rubuta ba. Ya ce zai sa sunansa da ajami, aka ce ofis ba ya karantawa. Ranka ya daɗe, yatsan da ake nema ai yana wurinku, cikin wani ƙunshin auduga da tuni ya hau tirela. Ko za a aika a dawo da shi ya dangwala? An ce in watan nan ya ƙare takardar ba ta shiga ba, diyya ta faɗi, gurbinsa ma a ba wani. Har na yi baiti:

Inji ya ci yatsa, bai yi bismilla ba,
Ofis na son yatsa, bai ce a tambayi inji ba,
Mu'azu na da tara, ko ɗaya bai yi ba,
Wannan hikima ban taɓa jin irinta ba.

Na uku. Hanatu, mai tsince datti a auduga, ita ta ruga ta kashe injin. Da ta ce za ta ba da shaida, helma, shugaban leburori, ya ce inji ba harkar mata ba ce, ya mayar da ita shara a bayan sito. To injin da ya tsaya mata, shi ba a sanar da shi ba ne?

Na huɗu. Sanarwarku ta hana ma'aikata fiye da uku tsayawa wuri ɗaya a harabar kamfani, mun kuma bi ta sau da ƙafa. Amma matar Mu'azu ta haihu, ran Juma'a aka yi suna a Bungudu, sanarwar kuwa ba ta ambaci suna ba. Mun zo daga Tsafe, daga Magami, daga Sabon Gari. Da aka raba goro aka shafa fatiha, muka duba muka ga ga mu gaba ɗaya, doka kuma ta ba mu 'yancin ƙungiya. Kafin rago ya gasu mun kafa reshen ƙungiyar ƙwadago. Mata daga cikin gida suka aiko da sunan Hanatu ta zama wakiliyarsu, ni aka ɗora mini alƙalami.

Ga takardar Mu'azu haɗe da wannan, kwafinta ya tafi ofishin ƙwadago. Kun nemi babban yatsan dama guda, mun dangwala ɗari biyu da biyar, ku zaɓi wanda ya kwanta muku a rai. In Litinin mai zuwa ta wuce ba a zaɓa ba, yatsun nan duka za su huta a gida, injin na uku ya nemi kalaci a wani wuri.

Naka mai biyayya, da tawada har yanzu a yatsa,
Mannir Sama'ila 'Yandoto,
Magatakardan Ƙungiya.