Alhaji Sinarji da Taron Haɗin Gwiwa

Garin Agadez ya yi sa'a da Allah ya ba shi Alhaji Alkasum. Shi ne parezidan ONG, wato ƙungiyar agaji, mai suna Taimakon Unguwa, shi ya kafa ta, shi ya zaɓi kansa, kuma duk shekara yakan miƙe ya gode wa kansa bisa amanar da aka sake ba shi. A buronsa akwai tabur, da hatimi, da hotonsa yana gaisawa da wani Bature wanda aka yanke rabin fuskarsa don Alhaji ya fito sosai. Ba ya iya jera magana uku bai ce "synergie" ba, wato haɗin gwiwa, shi ya sa 'yan unguwa suka sa masa Alhaji Sinarji. Ya ji sunan, ya ɗauka sarauta ce.

Da damina ruwa ya sauko daga duwatsun Ayar, korama ta cika ta shigo unguwar bakin gari, gidajen laka suka narke. Aka kwashe mutane aka zuba a lakkwal, makarantar yaran unguwa. Cikinsu akwai Habsa, bazawara mai sayar da ƙosai, ita da 'ya'yanta da tukunyar da ta tsira. Hutu kuwa ya kusa ƙarewa, darekta ya ce yana son ajujuwansa.

Alhaji ya zo ya ga ɓarna ta gilashin mota. Abin ya taɓa shi ƙwarai, har ya sa aka ɗauke shi hoto yana taɓa ƙirji.

"Ku kwantar da hankalinku," in ji shi. "Ni gada ce. Aikina in haɗa partenaires, abokan hulɗa. In babu synergie, ko bulo ɗaya ba ya hawa kan ɗan'uwansa."

Ya gayyaci Nomau, mai kamiyoyin dakon kaya, wanda ya samu rabonsa a zinariyar Djado. Ya gayyaci Saidou, shugaban magina, da Hajiya Souwaiba ta ƙungiyar mata. Aka sa ranar taro. Ranar ta zo aka ɗage, domin mai buga bandarol, ƙyallen sanarwar taron, ya rubuta sunan Alhaji daidai girman sunan ambaliya, bai fi shi ba. Aka sake sa rana, aka sake ɗagewa, saboda ba a gama shawarar wanda zai zauna a damansa ba. Habsa dai tana kwance ƙarƙashin allo.

A karo na gaba komai ya kammala: rumfa, mikoro, kujera mai hannu a tsakiya. Saura babban baƙo. Alhaji ya san cewa manya ba sa zuwa kan lokaci, kuma ya auna girmansa ya ga ya kai a jira shi har azahar. Ya zauna gida yana naɗa rawani yana warwarewa, yana karanta jawabinsa ga madubi.

Su kuwa baƙi suka gaji da kallon kujera. Aka ɗora shayi.

"Alhaji Nomau," in ji Hajiya Souwaiba, "kamiyonka ba zai iya kawo laka ba?"

"Me zai hana, Hajiya? Ba wanda ya tambaye ni."

Saidou ya ce in laka ta zo, yaransa za su buga bulo, a dai ba su abincin rana. Hajiya ta ce tukwane na wuyanta. Kafin shayi ya salance sun tashi, sun tafi duba wurin.

Da Alhaji ya iso, sai ya tarar da mai hoto da mai ba da hayar kujeru. Da wani ne, da ya koma gida. Shi kuwa ya hau mikoro ya yi jawabinsa cif, ya yi maraba da "chers partenaires", ya dakata a duk inda ya rubuta a yi tafi. Mai kujeru ya tafa sau ɗaya don a sallame shi.

Aiki ya tafi. Alhaji ya leƙa wata safiya cikin farar shadda, ya karɓi cokalin gini, ya riƙe shi ta baki maimakon ta mariƙi, aka ɗauki hoto, ya nemi ruwan wanke hannu. Kafin yara su koma lakkwal, Habsa ta shiga ɗakinta.

Bikin miƙa gidaje kam Alhaji bai makara ba. Tun hantsi yana kan mikoro, yana bayyana wa ɗan jarida cewa rashin zuwansa wancan taro dabara ce.

"Stratégie ke nan! Na bar su su gano juna. Wannan sai wanda ya yi zurfi a synergie."

Sannan ya kira Habsa ta faɗa wa duniya abin da ONG ta yi mata. Ta gyara lulluɓi, ta karɓi mikoro hannu bibbiyu.

"Alhaji, mun gode. Da ka zo da wuri ran nan, da har yanzu muna lakkwal. Allah ya ƙara makarar da kai."

Rumfa duka ta amsa da amin. Alhaji ma ya shafa.