Ranar da Na Saci Lallen Yayata

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar Litinin ɗin da na je neman aikin tuƙi a unguwar Kossodo sanye da safar hannu ta ulu, a tsakiyar bazara, cikin zafin da ko ƙadangare ba ya yarda ya tsallaka titi. Laifina ne daga farko har ƙarshe. Gara in faɗa tun yanzu, kada wani ya ɓata tausayinsa a kaina.

Lokacin muna Zongo, ba a kai ga tashin unguwar ba. Wata bakwai ina zaune ba aiki, tun da mai kamiyon da nake ja ya sayar da motarsa ya koma cinikin goro. Magidanci mai 'ya'ya uku ya yi wata bakwai yana jiran yayarsa ta aiko da tuwo, kun san yadda abin yake a zuci. Gida ɗaya muke da ita, gidan da mahaifinmu ya bari. Yaya Zinatu kitso take yi da lalle da gyaran gashi a wata 'yar rumfa a tsakar gida, kuma mata daga Tiendpalogo har Cissin sun san ƙofarta. Ni ne autan ɗakinmu, Auta kuma take kirana ko a gaban 'ya'yana ne.

Sai abokina Isufu ya zo da labari, wai wata masana'anta a Kossodo tana neman direba ɗaya, ran Litinin za a yi gwaji.

"Amma fa na ji an ce matashi suke so," in ji shi. "Kai kuwa..." Ya ɗaga ido ya dubi kaina, bai ƙarasa ba.

Nan gizo ke saƙar. A takarda shekarata talatin da shida (mahaifina ya rage mini da zai sa ni lekol, inda na yi aji huɗu na gudu). A gaskiya na haura arba'in. Shi kuwa kaina ya yi gaba abinsa bai jira kowa ba: furfura ta cinye gefe da gefe, sanƙo ya fara share fili a tsakiya, duk wanda ya gan ni ba hula sai ya ba ni hamsin da biyar.

Na sha ganin mata masu furfura sun shiga rumfar Yaya, su fito da kai baƙi wuluk yana sheƙi. Iyakar abin da na sani, lalle take sa musu. Da na buɗe baki na ce, "Yaya, ki taimake ni," da an gama. Amma ina! Namiji da gemunsa ya zauna a tabarmar kitso? Ni da kullum nake yi mata tsiya cewa sana'arta kwaɓa miyar kuka ce a kan bayin Allah? Girman kai ya raɗa mini cewa ganye ne da ruwa, me zai gagari mutumin da ya kai kamiyo Lome ya dawo?

Ran Lahadi da hantsi Yaya ta tafi suna Tiendpalogo. Maiɗakina kuma tana Cissin da yara, tana jinyar mahaifiyarta. Gida ya zama nawa. Na shiga rumfa na tarar da kwano rufe da faifai, an kwaɓa lalle an bar shi ya tsumu. Ga ƙanshin kanumfari, ga yauƙin karkashi, sai dai launinsa ya ɗan yi ja-ja. Na tsaya ina tunani, ta yaya jan abu zai ba da baƙi? Sai na tuna shayi ma ja ne a kofi, amma yana baƙanta cikin buta. (Irin ilimin da na yi aiki da shi ke nan a ranar.) Na kwashe rabi, na mayar da faifai.

Na shige ɗaki na sa hannu biyu na lafta. Kai, gemu, har bayan kunne. Sanƙon ma ban bar shi ba, don na taɓa jin Yaya tana cewa lalle yana ƙarfafa gashi, na ce wa ya sani, ko wani abu ya tsiro kafin gobe. Na ɗaure kan da leda kamar yadda na ga ana yi, na fito wanke hannu. Na murɗa famfo, ya ce fuuu, iska zalla. Randa ƙaf. Buta ko ɗigo babu. Mai turo ruwa a barik, wato ganga, kuwa ba ya shigowa layinmu sai la'asar, ni kuma ba zan fita titi da wannan kan ba.

To, don kada in ɓata zanen gado, sai na yi wata dabara. Na zura kowane hannu cikin leda, na ɗaure da haƙori, na kwanta. Wato da kaina na yi wa kaina ƙunshi irin na amare, ina ta yaba wa kaina tsafta. Barci ya kwashe ni. Azahar ma ramuwa na yi, Allah ya yafe mini.

Da la'asar mai ruwa ya zo, na leƙo da tawul a ka na ce ya cika randa. Na wanke, na nufi madubin mobilet ɗina, wato ɗan babur ɗina, don shi ne madubin da nake da shi.

Na daɗe ina kallo ban gane abin da nake gani ba. Baƙin gashin yana nan baƙi yadda na san shi. Furfurar kuwa, wadda dominta aka yi duk wannan aikin, ta koma ja kamar an tsoma ta a manja. Sanƙon yana ƙyalli kamar nunannen tumatir. Hannuwa ja har wuyan hannu, har farce. Na ce wataƙila haka yake farawa, sai ya sha iska ya juye baƙi. Na zauna a inuwa na ba shi lokaci. Na koma madubi, kamar ma ya ƙara. Na goge madubin da riga, ko shi ne da matsala. Daga nan na bi da sabulun salo, na bi da garin wanki, na bi da toka, na matse lemun tsami uku na goga har fatar ta fara zafi. Ko gezau. Gemun dai na aske shi. Na ɗauko reza zan yi wa kan ƙwal, sai na tuna fatar ma ta rinu, aski faɗin filin kawai zai ƙara.

Gab da magariba na ji muryar Yaya a rumfa.

"Wa ya taɓa mini kwano?"

Na amsa daga cikin ɗaki, ƙofa a rufe. "Yaya, kaina ke ciwo, tun safe ina kwance. Amma na ji motsin akuyar maƙwabta ɗazu."

"Akuya? Ita ce ta ci rabi, ta ɗauko faifai ta rufe mini sauran?"

Na fara minshari.

Da sassafe na sulale kafin ta fito. Na ja hula har kunne, na sa safar hannun da nake hawa mobilet da ita lokacin sanyi. A ƙofar masana'antar mai gadi ya dubi hannuna ya ce da Mosanci, "Yaa bõe?" wato mene ne wannan. Na ce mura nake yi. Ya ɗaga kai ya dubi rana, ya dawo ya dube ni, ya buɗe ƙofa.

Mu biyar muka zo. Mai yin gwajin shi ne shugaban direbobinsu, Alhaji Garba, wani dattijo mutumin Nijar, ba zai gaza sittin ba. Ya karɓi permi ɗin kowa, wato lasin tuƙi, ya riƙe. Da layi ya zo kaina na hau kamiyo, ya hau ya zauna gefena.

"Cire wannan abin. Ba a ja mini mota da safa, sitiyari sai ya zame maka."

"Alhaji, sanyi nake ji."

"Zufa na ɗiga daga haɓarka kana jin sanyi? In masassara ce ka sauka, in ba ita ba ce ka cire."

Na cire. Na ɗora jajayen hannuwana a kan sitiyari, don direba ba shi da inda zai ɓoye hannu. Alhaji ya dube su, ya dube ni, sai fuskarsa ta washe.

"A'a! Ango ne?"

(A can wajensu, har da wasu gidajen Zongo, ana sa wa ango lalle a hannu.) Ga gaskiya nan a bakina, kalma huɗu ce ko biyar. Wallahi ban san lokacin da na ji kaina na ce "Eh" ba.

"Masha Allahu! Ɗiyar wa?"

Kaina ya ɗaure. A Zongo kowa ya san kowa, duk sunan da na kama 'yar wani ce mai rai da lafiya.

"Ba... ba a nan take ba."

"Ina take?"

"Bobo."

"Yaushe ne ɗaurin auren?"

"Gobe. A'a, jiya. An dai kusa."

Ya leƙa ta taga ya ƙwala wa sauran kira. "Ku zo ku ga ango, ya gudo daga lalle ya zo neman abin cefane!" Suka taso suna tafi, wannan ya ce Allah ya ba da zaman lafiya, wancan ya ce Allah ya kawo ƙazantar ɗaki. Ni kuma ina ta "amin, amin," ina jin kamar a mafarki nake.

Abin haushi, tuƙin na yi shi lafiya lau. Na yi gaba, na yi baya tsakanin tayoyin da aka jera ban taɓa ko ɗaya ba. Alhaji ya gyaɗa kai ya ce in biyo shi biro, wato ofis, a cika mini takarda, a ɗauki hoton katin aiki. Zuciyata ta ce, ka ga, ƙaryar ma ta yi rana.

Sakatariya ta ɗauko kyamara ta ce, "Mushe," wato malam, "a cire hula."

Na ce ai ni ba na zama ba hula, saboda addini.

"Wane addini?" in ji Alhaji. "Ni da na je Makka sai da na cire aka ɗauke ni. Cire mu tafi."

Na cire.

Sakatariya ta rufe bakinta da takardata. Sauran direbobin suna tsaye a bakin ƙofa, sai na ji wani daga baya ya ce, "Kowa ya taka birki, jar wuta ta kama!" Aka bushe da dariya har mai gadi ya baro ƙofarsa ya zo kallo. Na tsaya da hula a hannu, na rasa wanne zan rufe, kan ko hannun.

Alhaji Garba bai yi dariya ba. Ya kore su duka, har sakatariyar, ya turo ƙofa. Ya matso ya shinshina kaina.

"Kanumfari da karkashi. Wannan kwaɓin Zinatu ne ta Zongo."

"Yayata ce, Alhaji."

Sai ya ɗaga hularsa kaɗan. Kai baƙi ƙirin, ko sili ɗaya fari babu.

"Shekara da shekaru tana aiko mini ta hannun Hajiyata. Lalle ake fara sawa, a wanke, sannan a bi da garin ganyen baba, wanda ake rini da shi. Shi ke maida jan baƙi. Kai rabin hanya ka kashe mota." Ya mayar da hularsa. "To, amaryar Bobo fa?"

"Babu ita, Alhaji."

"Na sani. Tun da ka ce an kusa na sani." Ya jawo permi ɗina daga aljihu. "Tuƙinka ya fi na sauran. Furfura kuma ba ta taɓa hana ni ɗaukar direba ba, ban san wanda ya gaya maka yaro muke nema ba. Amma abu ƙarami na tambaye ka, ka ƙera mini mata da garinsu da ranar aure. Ran da ka goge mini mota a hanya, mi za ka ƙera mini?"

Ya miƙo mini permi. Aikin kuwa wani ne ya samu, wanda ya taka taya biyu.

Na dawo gida da azahar, na tarar da Yaya a rumfa da mata huɗu. Na tsaya a gabanta na cire hula, don na gaji da ɓoyo. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Auta, ashe kai ne akuyar. Wannan kwaɓin na wata Hajiya ne mai son ja, shi ya sa na dama shi da ruwan zoɓo. Zauna."

"Yaya, a bari mutane su tafi mana."

"Zauna, na ce. Sunkuya."

Na zauna a tabarmar kitso, tsakanin mai jiran shuku da mai tsifa. Ta kwaɓa baba ta lafta mini, matan suna ba da shawara kamar gonar gado ake rabawa. Da aka wanke ta shafa man kaɗanya, ɗaya ta miƙo hannu ta taɓa ta ce, "Kai, Zinatu, gashin nasa ya yi laushi fa." Ya yi kuwa. Kafin la'asar kan ya koma baƙi, ban da sanƙon, wanda ya zama wani launi da har yau ban san sunansa ba. Hannu kuwa Yaya ta ce ba shi da magani sai haƙuri. Sati uku ina gaisawa da mutane a masallaci suna riƙe hannuna fiye da kima.

Na ƙara wata uku ina cin tuwon Yaya kafin in samu wata motar. Abin da na koya bai da yawa: kunyar da ka ƙi ji a gaban mutum ɗaya, za ka ji ta a gaban gari, kuma idan ka rikice, rufe baki ya fi arha. Lalle dai ya fita da kansa. Amma har yau in na haɗu da tsofaffin direbobin Kossodo sai sun tambaye ni lafiyar amaryar Bobo, ni kuma in ce tana gaishe su.