Tsarabar Binta Daga Teku

Ba zan taɓa mantawa ba da la'asar ɗin da na tara mutanen unguwarmu a ƙofar gidana don su zo su ga abin kunyata. Ba asiri aka yi mini ba. Ni na kira su da bakina.

Ni mai faci ne a Ƙofar Guga. A aji biyu na sakandare karatuna ya tsaya, lokacin da mahaifinmu ya rasu aka ce babba ya kama sana'a, ƙarami ya ci gaba da boko. Ƙaramin shi ne Kabiru. Yau yana Legas a wani kamfani, ga gida ga mota, ni kuwa ina nan ina tsoma tayoyin mutane cikin baho ina neman inda ke kumfa. Yaron kirki ne, ban ce ba. Amma duk wani abin arziki da ya taɓa shiga ɗakin matata Binta daga hannunsa ya fito: atamfa, waya, har firij (wanda muke ajiye kwanoni a ciki saboda rashin wuta). Ita ta yi godiya, ni in yi tsaki a zuci. Binta 'yar masunta ce daga Jibiya, cikin kifi ta tashi. Tun da ta auri mai faci kuwa sai dai kan kifin ƙanƙara, shi ma ranar da aka yi ciniki. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Bazarar bara idona ya matsa mini, Kabiru ya ce in je Legas a duba ni. Da zan tafi Binta ta ce, "Malam, in ka ga tekun nan ka dube shi da kyau, ka zo ka ba ni labari."

Na ce, "Ruwa ne, mi za a duba?"

Bayan an gama da asibiti, ranar wata Asabar Kabiru ya ce in shirya, abokan aikinsa za su fita kamun kifi. Na ɗauka mabukata ne. Ashe manyan mutane ne masu tumbi, da gajeren wando da hular rana, sun yi hayar jirgi mai inji, wai nishaɗi. Direban jirgin, wani dattijo ɗan bakin ruwa, ya tsoma hannu ya ce ruwa ya yi ɗumi, yau akwai sa'a. Kabiru ke fassara mini: wai in ruwa ya yi ɗumi haka ƙananan kifaye kan taso sama, manyan su biyo su, kuma mai son sanin inda suke ya dubi inda tsuntsaye ke faɗawa ruwa.

Ni dai ban ga tsuntsu ba. Babban ruwan da na saba da shi a duniya shi ne bahon facina. Muna barin gaɓa, duk shayi da burodin da na karya da su na mayar wa teku, har da na jiya. Na rungume ƙarfen jirgi ina kalmar shahada, su kuwa suna ta shan lemo suna jan wani kifin roba mai ƙyalli a bayan jirgi, wai shi ke yaudarar manyan kifaye su haɗiyi ƙugiya.

Don tausayi, ina jin, wani ya ɗora mini sandar fatsa a hannu, ya nuna mini ɗan keken da ake murzawa a naɗe zare. Ban jima da riƙewa ba na ji an fizge ni kamar an ɗaura mini bijimin sa. Sanda ta lanƙwashe, zare na kuka. Suka yi caa a kaina da Turanci, wani ya miƙo hannu zai karɓa. Na ce kul. Hannun da ya tsufa yana ɓare tayar tirela ba kifi zai kayar da shi ba. Ya ja, na ja, ya nutse, ya taso ya yi tsalle yana walƙiya a rana. Na manta da amai, na manta da ciwon ido. Da aka ɗago shi cikin jirgi, tsawonsa ya kusa kai mini ƙirji, fari kamar sabon kwano, da haƙora irin na kare. Direba ya ce sunansa barakuda.

Suka auna shi, suka yi ta ɗaukar hoto, suka cire masa ƙugiya. Sai na ga mutum biyu sun tallabe shi sun nufi bakin jirgi. Wai za su mayar da shi ruwa!

Ban san lokacin da na faɗa kansa na ƙanƙame ba. Na ce, "Kabiru, ka gaya masu, wallahi sai dai a jefa mu tare."

"Yaya, haka suke yi. Wasa ne. A ɗau hoto a sake shi."

"Hoto ake ci? Allah ya ba ka abinci har hannu, ka ce wasa kake? Waɗanga mutane lahiyarsu ƙalau?"

Suka yi dariya har da riƙe ciki, suka bar mini. Aka ce in tsaya a ɗauke ni da shi, na ce ban so, ni ba ɗan fim ba ne.

A gida Kabiru ya yi ta lallashi: a dafa a nan, ko a kyafe shi, ko shi ya saya wa Binta wani ya aika ta jirgin sama. Wannan ta ƙarshen ita ta ƙara tunzura ni. Na ce wannan da hannuna na kama, da hannuna zan kai. Na hana a yanka, na hana a cire masa kayan ciki (ku lura da wannan), don ina son ta gan shi yadda Allah ya yi shi. Aka lanƙwasa shi cikin babbar kula, aka cika da ƙanƙara, aka naɗe da salatif. Kabiru ya ce, "Kada ka buɗe sai ka isa, sanyin zai gudu." Ban taɓa jin maganarsa ba a rayuwata, sai wannan.

Kafin mota ta tashi na buga wa Lawal, taubashina, wanda in ka gaya masa magana ka huta da zuwa gidan rediyo. Na ce ya shaida wa 'yan majalisarmu ta hira su hallara, za su ga kifin da kakanninsu ba su gani ba.

Muna wuce Jebba mota ta lalace. Muka yini cur a bakin titi, rana na dukan but ɗin da kulata ke ciki. Ni ina ƙarƙashin bishiya hankali kwance, ai ban buɗe ba, sanyi bai gudu ba. Wajen Funtuwa fasinjoji suka fara toshe hanci, ana cewa wani ya ɗauko ɗanyar fata. Ni ma na taya su zagin mai kayan. Har cewa na yi mutane ba su da tsoron Allah.

Na iso ana fitowa sallar la'asar. Ƙofar gida cike, har da limamin masallacinmu da Lawal ya janyo. Aka yi gaisuwa, ya hanya, ya mutanen Ikko, ya ido. Na sa aka shimfiɗa tabarma, na ajiye kula a tsakiya, na ba da labarin kokawar da na yi (na ɗan ƙara gishiri, abin da ya kamata in yi wa kifin). Sannan na yi bisimilla na yanke salatif.

Jama'a, na san warin mushen jaki, na san na kwatar bayan kasuwa. Wannan ubansu ne. Kifin ya kumbura yana iyo cikin wani ruwa mai launin ƙasa, ido ya yi fari, haƙoran nan a waje kamar yana yi mini dariya. Liman ya ce "A'uzubillahi," ya tuna yana da baƙi. Kafin ka ce kwabo an watse, wani har ya bar takalmi. Lawal kaɗai ya tsaya daga nesa, hula a hanci, yana cewa, "Sarkin ruwa! Gaskiyarka, ko kakanninmu ba su shaƙi irin wanga ba!"

Na ja kula zuwa cikin gida, ina jin da ƙasa za ta tsage da na shige. Binta na tsakar gida, ta ji komai. Na jira ta toshe hanci. Ba ta toshe ba. Ta durƙusa, ta auna tsawonsa da tafin hannunta yadda ta ga ubanta na yi, ta taɓa haƙoran da tsinke.

"Malam, kai kaɗai ka jawo wanga?"

"Ni kaɗai."

"Baba bai taɓa kama ko rabinshi ba. Amma ka auri ɗiyar masunta, ka rasa wanda za ka buga ma waya sai Lawal?"

Na ce so na yi in kawo mata abu ɗaya, ɗaya tak, wanda ba Kabiru ya saya ba. Muryata ta ƙi fita daidai, sai na ɗora laifin a kan wari.

Tare muka haƙa rami a gindin lemonta muka binne shi. Da muka wanke hannu ta ɗauko wayarta ta miƙo mini. Ashe Kabiru ya ɗauke ni hoto ban sani ba, ya turo mata tun ina hanya. Ga ni zaune dirshan cikin jirgi, riga jiƙe, hula ta karkace, na rungume kifi kamar jariri, baki har kunne.

Ta ce, "Ni ba kifin nike kallo ba. Rabona da in ga haƙoranka haka tun muna amarci. To, zauna ka ba ni labarin tekun. Shi na ce ka kawo mani."

Na zauna na ba ta, har da aman.

Yanzu ko yaran unguwa Sarkin Ruwa suke ce mini, kuma lemon Binta bana ya yi 'ya'ya kamar hauka. Masu tumbin nan da na ce ba su da lafiya, na janye rabin maganata, don hoton da na raina shi kaɗai ya iso Katsina bai lalace ba. In matarka ta ce labari za ka kawo mata, malam, kawo mata labarin. Shi ba ya bukatar ƙanƙara.