Tsarabar Koriya daga Buhun Ƙyallayen Mama

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka tako har shagon Mama aka yi mana sannu da zuwa daga ƙasar da ko filin jirginta ban taɓa gani ba.

Abin ya faro ne a makon da muka koma makaranta bayan dogon hutu. Malama ta ce kowa ya tashi ya faɗi inda ya je. Ni kuwa a ajinmu ana iya cinye zango ba a ji muryata ba. Aikina in zauna kusa da taga ina lura da wanda ya sa safa kala biyu. Zulai, ƙawata guda ɗaya tak, ta tashi ta ce sun je Maraɗi wajen kakarta. Layi yana ta matsowa kaina. Me zan ce? In ce wata biyu na yi a shagon ɗinkin Mama da ke layi na 116 a unguwar Harlem, nan ƙasar Turawa da muke zaune, ina yanke zare a bakin riguna?

Gaskiyar magana, gangar jikina ce kawai ta yi hutu a shagon. Hankalina yana cikin wayar Mama. Ina zaune kan buhun ƙyallaye a bayan keken ɗinki na kalli duk bidiyon yawon buɗe ido na Koriya da na samu, wasu har sau biyar. Da Malama ta kira sunana, sai na ji an ce, "Koriya muka je, ni da Mama."

(Bakina ne ya faɗa. Ni ban ba shi izini ba.)

Duk aji aka waigo, ni kuma na kasa tsayawa. Na ba su labarin tsohuwar fadar Seoul, da ƙananan siffofin dabbobi na yumɓu da aka jera a gefen rufinta. Na kai su Gyeongju, inda kaburburan sarakuna suke kamar an kife manyan ƙore ciyawa ta rufe su. Na tsallaka da su tsibirin Jeju, na kwatanta tsoffin matan da ke nutsewa cikin teku ba tukunyar iska, in sun taso su yi wani siririn fito kafin su ja numfashi. Har fiton na gwada musu. Aka tafa mini! Ni, da ko atishawa nake dannewa don kar a waigo.

Abu ɗaya na manta: akwai Bahaushiya a ajin.

Muna fita Zulai ta riƙe mini jaka. "Ke munafuka, ki tahi har Koriya ki yi shiru? Ina tsarabata? Ni ban kawo miki kilishi ba?"

Ta kawo mini kuwa, na ma cinye. Na ce, "Tana gida, ba mu gama buɗe akwati ba."

Daga ranar zama ya gagare ni. A jirgin ƙasa daga Bronx in zauna in miƙe. Abinci in juya cokali in ajiye. In na ce wa Zulai ƙarya na yi, shi ke nan, sai in koma cin abincin rana ni kaɗai kamar bara kafin ta zo makarantar. Can na tuna da wata 'yar jaka mai zariya da na gani a bidiyo, wadda Koriyawa ke ba juna kyauta a sabuwar shekararsu. Na tona buhun Mama na tsinci ƙyallen siliki ja da rawaya da kore. Duk sanda Mama ta shiga salla ko ta leƙa layi na 125 sayo zif, sai in zaro allura. Kwana uku na gama. Silikin ya yi laushi da yawa, don haka na yi mata shafi daga ciki da wani guntun atamfa shuɗi mai zanen tsuntsaye. Wa zai duba ciki?

Zulai ta yi tsalle ta rungume ni, ta rataya ta a wayarta. Na ce alhamdu lillahi, magana ta mutu.

Ranar Asabar ina tsintar allurai a ƙasa da maganaɗisu, sai ƙofar shago ta buɗe. Tanti Hadiza ce, mahaifiyar Zulai, tsohuwar kwastomar Mama, riƙe da kular dambu, Zulai a bayanta. Abin da na fara gani daga inda nake durƙushe shi ne bakin zaninta. Shuɗi. Da tsuntsaye.

"Hajiya, ashe tahiya kunka yi ba labari? Sannunku da zuwa! Ya hanya?"

Mama tana da allurai uku a baki. Ta zare su ɗaya bayan ɗaya. "Wace tafiya, Hadiza?"

"Koriya mana! Ɗiyarki ta ba lakwal duka labari, ɗalibai da malamai. Dubi ma kadon tsarabar da ta kawo ma Zulai."

Mama ta ajiye alluran. Ta juyo da kanta a hankali ta dube ni, irin kallon da take wa ɗinkin da aka karkace. Na so in shige buhun ƙyallayen in ɗaure bakinsa daga ciki.

Tanti kuwa ta karɓi jakar tana yaba aikin mutanen can. Kun san matanmu: ba a miƙa musu ɗinki su yarda da fuskarsa, sai sun juya bayansa sun ga yadda aka kama bakin. Ta zura babban yatsa ta fito da cikin waje. Ta dubi jakar. Ta dubi zaninta. Ta ɗora jakar a kan cinyarta, wutsiyar tsuntsun jakar ta zauna daidai da ta zanin.

"Ikon Allah," in ji Tanti. "Hajiya, ragowar atamfata ta riga ni zuwa Koriya."

Mama ta nuna buhun da almakashi. "Ga Koriyar nan. Wata biyu tana zaune a kanta, ta cinye mini cajin waya."

Suka yi ta dariya har Tanti ta dafa keke. Zulai ce kawai ba ta yi ba. Ta ce, "Har hiton tsohin ma ƙarya ne?"

Na ce da muryar da ni ma da ƙyar na ji, "Fiton gaskiya ne. Ni ce dai ban je ba."

Kwana huɗu Zulai ba ta kula ni ba, kwana huɗu ina cin abinci ina kallon bango. Ran na biyar ta dire tirenta kusa da nawa, jakar tana lilo a wayarta, ta bar ta a juye, tsuntsaye a waje. Ta ce ba ta faɗa wa kowa ba, amma da sharaɗi: ni zan gaya wa Malama da bakina, tunda bakin ya iya magana. Na gaya wa Malama, ina kallon takalminta.

Abin da na koya? In har za ka yi tafiya a waya, kada ka ba Bahaushe labari. Zai tambaye ka tsaraba, uwarsa kuma za ta zo sannu da zuwa, sanye da shaida.